Ba Guba Ba Ce

Ina tsugune a bayan ɗakin Baba Sambo, na toshe hanci da bakin mayafi, ina kwasar kashin kare da tsinke ina zubawa a gwangwanin madara, sai na ji muryarsa daga ciki.

"Dije, me kike yi a nan?"

"Aikin da taurin kanka ya sa ni, Baba."

"Wahalar banza. Na san wanda ya kashe mini karnuka."

Ni Dije mai waina, da ko kaza ba na bari ta raɓi tandata, yau ga ni da zawon kare, jini-jini, wari kamar mushe. To ya zan yi?

Baba Sambo tsohon mafarauci ne, katanga ɗaya ta raba mu a Rafin Guza. Matarsa ta rasu, ɗa babu, sai karnuka. Amininsa kuwa yayana ne, Malam Lawan, mai makarantar allo a zaurenmu. Shekara talatin akushi ɗaya suke ci. Rannan wani kwikwiyo ya lashi butar alwalar Malam, shi kuma ya ce a gaban jama'a, "Wallahi, Sambo, sai na ga bayan karnukan nan!" Maganar fushi ce kawai, kowa ya sani. Amma sati bai zagayo ba 'yan kwikwiyon suka kama amai da zawon jini. Biyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura ɗan baƙin da yake kira Duna, shi ma ga shi kwance.

Baba Sambo ya ce shinkafar ɓera ce aka ba su, ai ya sha ganin aikinta. Ya daina amsa sallamar Malam. Tsohon ciwon ƙirjinsa ya tashi ya kwantar da shi, Malam ya shiga dubiya sau biyu, sau biyun Baba Sambo yana juya fuska bango. Abin da ya hana ni barci ke nan: mutum yana bakin kabari da gaba a zuciya, da zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Wata mai sayen wainata, mai shara a asibitin dabbobi, ita ta ce an kawo wani abin gwaji, in an kai kashin kare, a minti goma zai faɗi ko cuta ce.

Na leƙa ɗakin kafin in fita. Ya rame, sai idanu.

"Baba, in ba guba ba ce fa?"

Ya dube ni. Can ya ce, "In ba ita ba ce, ki sa ni ko a baro ne ki kai ni zaurensa in durƙusa."

Lokacin wahalar mai ne, motoci duk suna layi. Na taka har Kawo kafin na sami wata bas, mutane kamar an danna su da tabarya. Kwandasta ya shaƙi iska ya ce, "Hajiya, me kika ɗauko haka?"

"Daddawar uwarka ce ta ɓaci," na ce. Allah ya yafe mini, raina a ɓace yake.

Likitan saurayi ne, bai ko yatsine fuska ba. Ya dangwali kashin da tsinken auduga, ya dama a wani ruwa, ya ɗiga a kan ɗan farin roba da bai kai akwatin ashana ba. Ya ce in zauna. Ina kallon agogon bango, ina kallon robar, har wani ɗigo shuɗi ya fito.

"Mama, fabo ce. Cutar hanji ce, tana bin 'yan kwikwiyo, ta kashi suke ɗauka. Bana ta yi ɓarna a garin nan."

"Ba guba ba?"

"Ba guba ba ce."

"Rubuta mini. Da Hausa, da manyan baƙi."

Ya rubuta, ya buga hatimi. Ya ce wanda ya rage a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, wataƙila ya tashi.

Gwajin minti goma ne, hanya ta cinye mini wuni. Da ƙafa na ƙarasa, takardar a ƙulle a bakin zani, ina ta shirya yadda zan yi wa tsohon nan tsiya. La'asar sakaliya na shigo layinmu, sai na hango tabarmi a ƙofar gidansa, maza suna wanke jar ƙasa daga ƙafafunsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun hantsi ya cika, ina cikin bas.

Malam ne ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Na same shi a tsakar gidan marigayin shi kaɗai, hannun rigarsa a naɗe. Na miƙa masa takardar ina kuka. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Ya ce in ba guba ba ce zai zo ya durƙusa maka, Yaya. Wallahi haka ya ce."

"Durƙusonsa me zai yi mini, Dije? Ni na yafe masa tun ranar." Hawaye suka zubo masa. "So nake ya san ba ni ba ne. Ya tafi bai sani ba."

Ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai ranar, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Duna ya yi ɗan nishi a gindin turmi. Malam ya dube shi.

"Me likitan ya ce a yi wa wannan?"

Na faɗa masa. Ya linke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Na dama ruwan a kwanon shan Baba Sambo, ya karɓa, ya tattare rigarsa ya tsuguna. Da hannu ɗaya ya tallafi kan kwikwiyon, da ɗayan yana ɗiga masa ruwan a baki da cokali, kaɗan-kaɗan.