Makon da Aka Ƙyale Jibo

Duk mai kallon talabijin a Gusau ya san Mas'udu Ɗan Tsafe, kuma duk wanda ya san Mas'udu ya san Jibo, ko da bai taɓa ganin ƙeyarsa ba. Mas'udu ya faro ne da ba mutane dariya a gidajen biki, daga nan aka ja shi rediyo, har Allah ya kai shi ga shirinsa na kansa ranar Asabar, inda yake hira da baƙi cikin babbar riga. Amma baƙin nan 'yan rakiya ne. Abin da jama'a ke jira shi ne ya gyara hula ya ce, "To, kun ji abin da Jibo ya yi?"

Jibo taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, manomi a Karakkai ta ƙasar Bungudu. A bakin Mas'udu, Jibo ne ya shiga kanti a Sabon Gari ya gaida gunkin tallan kaya, da ya ji shiru ya ce mutanen birni ba su da tarbiyya. Rabin labaran ƙarya ne, sauran kuma an cika musu gishiri. Jibo bai taɓa kai ƙara ba, don tsakanin taubasai babu shari'a sai ramuwa. Da an gama shiri zai bugo waya ya ce, "Kai dai tun muna ƙanana bakinka kaɗai ka noma."

Sai ciwo ya kwantar da Jibo. Mas'udu ya je asibiti ya gan shi ya rame, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Likita ya ce zai warke in ya riƙe magani da abinci, aka mai da shi gida. Amma Mas'udu ya ji ba zai iya sa duniya ta yi wa majinyaci dariya ba. Asabar ta zo, ya yi hirarsa da wani mai kiwon kaji, ya rufe shiri bai ambaci Jibo ba. A ransa ya yi abin kirki, har yana yaba wa kansa.

Da safe Hanatu matar Jibo ta kira shi. "Malam Mas'udu, mi ka yi muna haka? Tun jiya ya ƙi cin komi. Ko hura ya ture."

Ya ɗauki mota sai Karakkai. Ya tarar da Jibo kwance a tabarma ya juya wa ƙofa baya. Mas'udu ya durƙusa, ya sassauta murya kamar mai gaida suruki. "Sannu, ɗan'uwana. Ya jiki? Allah shi ba ka lahiya."

Jibo bai waiwayo ba. "Ɗan'uwana," ya maimaita a hankali. "Yau ni na ɗan'uwanka. To hwaɗa min gaskiya, mi likita yac ce maka wanda anka ɓoye min?"

Nan Mas'udu ya gane ɓarnar da ya yi. Mutanen ƙauye sun taru jiya wajen mai shayi da waya ɗaya a tsakiya suna kallon shirin, an kawo wa Jibo labari cewa ko sunansa ba a kira ba. Mutumin da ya yi shekaru yana shan tsiya bai taɓa karaya ba, ladabi ne ya karya shi. In har taubashinka ya fara jin tausayinka, ai likkafani ya rage.

Mas'udu ya buɗe baki zai rantse, ya ga rantsuwa ƙara tabbatar da zargin za ta yi. Ya dubi wuyan nan da ya zama siriri, tausayi ya kama shi. Bai taɓa hawa dandalin da ya fi wannan wuya ba. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa.

"Likita cewa yay yi rowa ta. Ya ce ka ga rumbu ya yi ƙasa, shi na kak kwanta don kar a dahwa hatsi. Dubi wuyanka don Allah. Da nis shigo na zaci zalɓe Hanatu ta aura."

Can sai kafaɗar Jibo ta fara rawa don dariya. Ya juyo da ƙyar, idanunsa jajur, ya ƙare wa babbar rigar kallo.

"Hanatu," ya ce, "kawo hurar nan. In nim mutu wanga ɗan banza yunwa za ta kashe shi. Da sunana yaka cin tuwo."

Mas'udu ya riƙe masa ƙwaryar yana sha, shi kuma yana ta zazzaga masa tsiya ba ƙaƙƙautawa, don ya san in ya yi shiru kuka zai yi.