Ciwon Khaula na Shekara Uku

Shekara ɗaya ce tsakanin Khaula da wanta Junaid, kuma aji ɗaya aka sa su. Suna ƙanana, duk layinsu a Runjin Sambo an san ta fi shi gudu. In mahaifiyarsu Inno ta aike su sayen kayan miya, Khaula ke rigansa dawowa tana dariya.

Tana shekara sha uku ta fara al'ada, kuma ba ta zo mata da sauƙi ba. Jini har kwana takwas, mara kamar ana murɗa ta. Ta gaya wa Inno, ita kuwa ta jiƙa mata kanwa ta ce, "Hakanan mata suke, ɗiyata. Ki daure."

Daga nan aka hana ta wasan waje. Junaid ya ci gaba da ƙwallonsa bayan la'asar, ƙirji na buɗewa, yana tashi da malmalar tuwo uku. Ita sai shara da wanke-wanke, ga ciwon kai da ba ya sakinta. Ta daina ɗaga hannu a aji. In ƙawayenta sun zo, sai ta sa a ce tana barci. Ranar da Junaid ya gurɗe a fili, nan take Baba ya tare keke napep, sai asibiti. Khaula na tsaye bakin zaure, dafe da mara, tana kallonsu.

Tana sha shida, cikin zafin bazara, ta yanke jiki ta faɗi a layin makaranta. A wani asibiti da ke Sama Road, likita ta buɗe mata ido, ta ga cikinsa fari fat.

"Jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Tun yaushe kike haka?"

"Shekara uku."

Inno ta zabura. "Likita, wallahi ba ta taɓa hwaɗa min ba!"

"Na hwaɗa maki, Inno," in ji Khaula a hankali. "Cewa kinka yi in daure."

Inno ta ce, "Ni ma abin da anka ce min ke nan."

Aka ba Khaula magani, aka ce ta riƙa cin hanta da zogale. Junaid ya karɓar mata wanke-wanke, har ranar da abokinsa Mansur ya tarar da shi tsugune gaban kwanoni ya yi ta dariya. Junaid bai ƙara taɓa wanke-wanken ba.

Bayan wata uku jinin jikinta ya dawo daidai, amma an riga an maimaita mata aji, Junaid ya wuce. Da suka koma asibiti ta ce wa likita, "Jiri ya tahi. Amma har yanzu ba abin da ke min daɗi, kuka nike ba dalili."

Likita ta rubuta takarda a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa mai duba ciwon damuwa. Baba ya karanta, ya ce ɗiyarsa ba mahaukaciya ba ce, ya ninke takardar ya sa aljihu. Khaula ta jira ya sake tada maganar. Bai tada ba.