Ranar da Auta Ta Karɓi Bayani

Da hantsi mai walda ya rufe shago, ya nufi ofishin da ɗalibai masu karatun lauya ke sauraren koken mutane kyauta. Autarsa, ɗaya daga cikin ɗaliban, tana da in'ina tun tana ƙarama, kuma shekara ashirin ke nan shi yake ƙarasa mata magana. Yau ne za ta karɓi bayanin mai koke ita kaɗai. In ta kasa, malamarsu za ta mayar da ita jera fayil.

Ya raɓe a ƙarshen benci riƙe da laima, wai ita ya kawo mata.

Wanda aka zaunar gabanta wani direba ne, ɗansa wata tara a tsare ba a kai shi kotu ba. Ya miƙa mata takardar 'yan sanda, ya yi ta zuba, yana farowa daga ƙarshe yana komawa tsakiya, Auta na rubutu. Da ya tsagaita, ta buɗe baki.

"Ra... ra... ra..."

"Yarinya, sauri nake," in ji direban. "Babu wanda bakinsa ke tashi ba sai an tura ba?"

Kafin mai walda ya ankara har ya miƙe, maganar tana kan harshensa. Malama ta dube shi ta saman tabarau.

"Baban Auta, zauna. Ba ma turi a nan."

Ya zauna. Auta ta dafa tebur, ta ja numfashi.

"Ranar Talata ka ce an kama shi, Kawu. Ta... takardar nan ta ce Juma'a. Kwana ukun nan, ina aka ajiye shi?"

Direban ya leƙa takardar. Ya cire hula, ya ce ofis huɗu ya kai takardar nan, babu wanda ya taɓa tambayarsa haka. Malama ta jawo kujera kusa, ta ce Auta ta ci gaba, da wannan za su fara.

Mai walda ya zuba wa 'yarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Ashe duk shekarun da yake tare mata magana, ita sauraro take koya.

Da aka tashi ta same shi a bakin ƙofa.

"Ba... Ba..."

Ya damƙe laimar, ya haɗe leɓɓansa, ya jira.

"Baba, laimar mece ce? Ko hadari babu."