Makarantar Tsallaken Kogi

Kwalta ta ƙare kamar an datse ta da wuƙa. Direba ya taka birki, gado da katifar da aka ɗaure a bayan a-kori-kura suka yi gaba suka dawo.

"Malam, sake duba takardar nan taka."

Malam ya shimfiɗa taswirar da aka ba shi a ofishin ilimi. Jan layi ya miƙe samɓal har ƙauyen da aka tura shi koyarwa, da 'yar alamar gada a tsakiya. Shekara bakwai ya yi yana jiran wannan aiki.

"Nan dai an nuna titi har can."

"To, tayoyina ba su iya karatu ba," in ji Direba.

Matar Malam, wadda ke rungume da 'yarsu Ummi, ko murmushi ba ta yi ba.

Suka nausa daji suna bin sawun shanu. Waya ta daina kamawa. Sau biyu yashi yana riƙe motar, su sassaro rassa su cusa ƙarƙashin taya, har da matar a turi. Sau ɗaya suka yi ta tafiya, sai ga su a gindin surin da suka wuce ɗazu. Da suka iso kogi, ba gada, sai ginshiƙai biyu da rodunan da suka yi tsatsa. Ta cikin ruwa suka ratsa, injin yana tari.

*

Allon sunan makarantar ya sha sabon fenti. A bayansa kuwa bulo ne jeri uku, ciyawa ta cinye azuzuwan. Wani dattijo ya taso daga inuwa, suka gaisa.

"Kai ne na huɗu da aka turo," ya ce. "Fenti dai ba a fasa mana. Duk shekara sai an zo an ɗauki hotonsa."

"Yaran fa, Baba?"

"Waɗanda suka fara jira, yanzu 'ya'yansu ne ke jira."

Direba ya dubi gabas, inda hadari ya haɗo. "Malam, in kogin nan ya kawo, sai bayan wata huɗu. A sauke ko mu juya?"

Malam ya laluba aljihunsa. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce wanda bai kama aiki ba ya sallami kansa. Ɗakinsu na gari kuwa tuni wani ya tare.

"Baban Ummi," matarsa ta ce a hankali, "in ciwon ƙirjin yarinyar nan ya tashi, ina za mu kai ta?"

Ya juya wajen dattijon neman amsa. Dattijon ya sunkuyar da kai yana gyara takalminsa.

"Ki koma gidan su Inna," in ji Malam. "Kafin rani."

Ba ta yi musu ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Tabarma kawai aka sauke, da jakarsa, da kwalin alli. Ummi tana barci, bai tashe ta ba.

Ya tsaya a ajin da ba rufi har ƙarar motar ta ɓace. Da yayyafi ya fara, sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe allin.