Ƙafar Keken da Ba a Kaɗa Ba

Tela ce ta fara lura Mai Keke ya daina kaɗa wayoyin ƙafar keke. Shekara da shekaru, duk ƙafar keken da maƙwabcin nata ya ɗaura sai ya bi wayoyinta da farce, kai a karkace, yana sauraron amonsu don ya san sun kama da kyau. Wannan karon kuwa shiru.

Da ta kai masa ruwan zafi a fulas, ta same shi a kan benci, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sama-sama. Ga sabuwar ƙafar keke a gabansa: cibiyar ƙafar babur ya dasa a rim ɗin keke, ya murɗe wayoyin bibbiyu kamar kitso.

"Kai, Baba! Wannan ai ta fi na baya duka kyau."

"Kyau kam akwai." Ya yi tari. "Gajerun wayoyi na sa, da ƙyar suka kama. Duk wanda ya hau, ramin farko za ta watse."

"To amfaninta fa?"

Ya nuna shagon ƙanensa da haɓa, can tsallaken titi. Shi ya koya wa ƙanen sana'a. Ƙanen ya buɗe nasa, yana satar kowane sabon ɗauri, yana gaya wa mutane hannun yayansa rawa yake yi. Tun da ciwo ya kama tsohon, ko sannu bai tsallako ya yi ba.

"Rataya min ita a bakin ƙofa, 'yata. Ranar da na tafi zai zo ya ɗauka. Kuma na san halinsa, shi zai fara hawa don a gani."

Bai ƙara mako ba ya cika.

Ana dawowa daga binne shi sai ga ƙanen, yana goge idon da babu hawaye. Kai tsaye ya sauke ƙafar keken.

"Allah sarki Yaya. Wannan ma ni na ba shi dabarar."

Tela ta dubi bencin da ba kowa. Ta miƙa hannu wajen ƙafar keken. Kaɗawa ɗaya ta isa ya ji wayar ba ta da amo.

"Ke, cire hannunki!" Ya janye ƙafar keken. "Wannan ba zare ba ne."

Ta mayar da hannun cikin mayafi. Ta sunkuya ta ɗauki fulas ɗinta daga ƙarƙashin bencin, ta fita.