Gashin Bakina a Fuskar Abu Nawwaf

Ni ne Abu Za'al, wanda harsashi ya faɗo wa daga sama ya ji kunya ya tsaya a kafaɗa. Duk garinmu Karak an san wannan. Ina zaune a bikin wani ina cin mansaf, abincinmu na naman rago da kindirmo, hannuna cikin shinkafa, wani sakarai ya harba sama don murna, abin ya dawo ya same ni. Har yau yana ciki, in sanyi ya shigo yakan gaishe ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma na raka likitoci biyu makabarta, waɗanda suka ce ba zan ga baɗi ba.

Maƙwabcina Abu Nawwaf ɗan kwangila ne. Ya daɗe a Kuwait, ya dawo da tumbi da kuɗi da wani gashin baki da yake shafa wa mai kamar jariri. Da zaman banza ya ishe shi sai ya shiga ƙungiyar masu gasar harbi da ke bakin hanyar sahara. Daga nan muka rasa sukuni a zauren dattawa.

Wata la'asar ya shigo da akwati, ya buɗe a gabanmu. Ƙaramar bindiga ce 'yar Turai, an ɗora mata wani gilashi mai jan ɗigo a ciki. Ga ɗamara mai aljihuna kamar ta mai gyaran lantarki, ga tabarau rawaya, ga abin toshe kunne wai mai batir.

"Taɓa kunamar ka ji, Abu Za'al," in ji shi. "Na sa an canza mata sifirin mai laushi. Numfashi ma ya isa ya tashe ta. Kuma ba kowane harsashi take ci ba, nata daga waje ake kawo mini, mai sauƙin tashi."

Na ce, "To ai amarya ka auro, ba bindiga ba. Ita ma sai an bare mata lemo?"

Aka yi dariya. Ya murtuke.

"Kai da wannan tsohuwar bindigar taka mai juyi, ciki shida, wadda ta girmi titin Amman? A ba ka garken tumaki ma ba za ka sami ɗaya ba."

"Tawa tana cin abin da ta samu, kamar mai ita."

"To ranar Asabar akwai gasar dattawa. Ka zo, in kai namiji ne."

Sai ya kama gashin bakinsa. "Wanda ya faɗi, a aske masa wannan a nan zauren, a gaban kowa."

Mutum ya kama gashin baki ya yi magana, ai ya wuce janyewa. Ni ma na kama nawa. Ban ɓoye muku ba, nawa ya fi nasa tsufa da daraja, tun ina saurayi reza ba ta hau shi ba. Matata Ummu Za'al ta ce in na dawo mata da leɓe tsirara in nemi wani gidan.

Ana gobe gasa aka yi bikin ɗan ƙanen Abu Nawwaf. Ni dai wurina a kowane biki sananne ne, ƙarƙashin rufin kankare. Hukuma ta hana harbin biki, an sa hannu, an yi rantsuwa, amma da aka fito da ango sai wani daga dangin amarya ya zaro tasa ya saki uku a sama. Na dubi Abu Nawwaf, na ga kunnensa ya yi ja. A ce baƙi sun fi gidan ango ƙara? Ya aika aka ɗauko akwatin. Ya cika bindigar, ya juye wa sama. Suka amsa. Ya sake cikawa. Mata na guɗa, shi yana zuba harsasan waje masu tsada cikin gajimare, har sai da kwalin ya koma fanko. Ya dawo yana haki yana cewa, "Sun ji mu?"

Na ce, "Sun ji. Allah Ya sa kan kowa ya tsira."

Da safe a filin gasa sai ga shi da wani kwali mai ƙura. Surukinsa Miflih ne ya tono masa daga ƙasan gado, ragowar harsasan soja tun na zamanin da. Irin waɗannan gindinsu tauri ne da shi kamar kan jaki, sai an buga musu da gaske suke tashi.

Alƙaliyar fili wata mace ce, Kaftin Rudaina, ba ta dariya. Ta nuna mana farantan ƙarfe a jere, ta ce wanda ya fi kayarwa cikin lokaci shi ya ci, kuma bakin bindiga kada ya bar gaba ko da ƙasa za ta tsage.

"Baffa," ta ce mini, "ina abin kunnenka?"

"'Yata, kunnen ya riga ya mutu, me za a tsare?"

Ta dai cusa mini. Agogonta ya yi ƙara, na ɗaga tsohuwata. Ban yi sauri ba, sauri na masu gudun bashi ne. Na kayar da huɗu. Biyun da suka rage iska ce ta kare su, kowa ya ga yadda take kaɗawa.

Sai Abu Nawwaf ya fito cikin ɗamara da tabarau, kamar za shi duniyar wata. Ya ware ƙafa. Agogo ya yi ƙara. Ya ja kunama.

Ƙyas.

Sifirin nan mai laushi ya shafi gindin harsashin soja kamar mai neman izini. Abu Nawwaf ya bugi gindin bindigar da tafin hannu, ya ja bayanta, harsashi ɗanye ya faɗo ƙasa. Ya sake ja. Ƙyas. Na uku ya tashi, ya razana shi kansa, ya tafi ya sami tudu. Na huɗu ƙyas. Harsasai na zuba a gabansa kamar akuya na kashi.

Wani daga baya ya ce, "Abu Nawwaf, a kawo maka amarya da ango ne? Sai da guɗa take tashi?"

Nan jininsa ya hau. Ya juyo gaba ɗaya, bindiga a hannu, yana ihu, "Miflih! Allah Ya isa, me ka ba ni?"

Dattawan Karak, masu rawani da carbi, suka zube ƙasa kamar an yanke alkama. Miflih ya shige ƙarƙashin teburin shayi. Ni ban motsa ba. Wanda sama ta harba bai mutu ba, bindigar da ke cewa ƙyas ce za ta kwantar da shi?

Kaftin Rudaina ta riƙe hannunsa ta mayar gaba. "Cire harsashi, Alhaji. Nuna mini ciki. Ka fita daga gasa, ka tafi ka sha ruwa."

Na sa aka wasa reza.

Washegari sai ga Abu Nawwaf a zaurena da manyan danginsa, an sha manyan alkyabbu. Na zuba gahawa. Babban yayansu ya karɓi finjali ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba, sauran ma haka.

"Abu Za'al, ba za mu sha ba sai ka biya mana buƙata. Mutumin nan yana da surukai, yana da jikoki. Ka bar masa fuskarsa."

Gahawar baƙo ta huce a gidanka, abin kunyar naka ne, sun san da haka shi ya sa suka zo. Na bar ta ta ɗan huce dai. Na gyara zama, na tambayi lafiyar tumakinsu ɗaya bayan ɗaya. Abu Nawwaf na zufa, hannunsa na kan leɓe.

Sannan na ce, "Ku sha gahawarku. Ba za a aske ba. Amma ku shaida, gashin bakin nan na ci shi, nawa ne. Ajiya na ba shi."

Suka sha, suna murna, suna cewa Abu Za'al ɗan halak ne. Shi kaɗai ya gane abin da ya same shi.

Yanzu kullum muka haɗu a kasuwa sai na tsayar da shi. "Tsaya in duba kayana. Wa ya ce ka rage gefen nan? Kuma ga kindirmo a jiki, haka ake riƙon amana?" A biki kuwa, da na ga hannunsa ya nufi ƙugu, sai in ɗaga murya daga ƙarƙashin kankarena: "Abu Nawwaf! In za ka gidan yari ka tafi kai kaɗai, ka bar mini gashin bakina a nan."

Sai ya mayar da hannun cikin shinkafa.