Ciyawar Baba Mai Agogo

"Cire hannunka daga ruwan nan," in ji Baba Mai Agogo daga kan kujerarsa. "Ciyawa ce, ba birki ba."

Direba ya zaro hannu daga akwatin gilashin, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa. Ɗan ƙullin ciyawar da ya taɓa ya taso sama yana yawo.

"Dubawa kawai na yi, Baba, ko ta yi saiwa."

"In ana tumɓuke ka kowace safiya a duba ka, kai za ka zauna?"

Shekara da shekaru ƙofofinsu na kallon juna. Tun da Baba ya rufe shagon gyaran agogo ba shi da wata hidima sai kifayensa, ƙanana jajaye, a akwatin gilashi kusa da taga. Bana kuma ya ƙwallafa rai sai ya shimfiɗa musu ciyawar ruwa, gajeriyar nan mai yaɗo da ke rufe ƙasa kamar kafet. Sai dai ciwo ya riga shi. Hannun da ya saba kama ƙusar agogo yanzu ko shayi ya ɗauka sai ya zubar da rabi. Dole aka nemo Direba, mai yatsu kamar rogo, aka danƙa masa hantsakin gyaran agogo.

Aikin na masu haƙuri ne, Direba kuwa ko a danja ba a san shi da haƙuri ba. A raba ciyawar ƙanana-ƙanana, a cusa kowace cikin ƙasa a karkace, a saki a hankali. A kunna fitila da safe, a kashe da yamma. In za a ƙara sabon ruwa, a zuba ta kan faranti don kada ya tone dashen. Kifayen ma an kwashe su saboda tono, suna can gidan Direba cikin bahon wanki, matarsa na yi musu kallon baƙin da suka ƙi tafiya.

"Ka gaishe min da Baba," takan ce, "ka kuma ce masa bahona nake so."

Ana nan ciyawar ta fara yin rawaya, ganye na narkewa, Baba kuma kullum sai ƙara ramewa yake. Abin ya tsaya wa Direba a rai. Wata safiya ya kasa daurewa.

"Baba, bari in dawo da kifin nan yau. Ka gan su suna yawo, ko ka ji daɗi."

Tsohon ya gane inda aka dosa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wato ka ga na kusa tasha, kana so ka ƙara wuta. Ka sako su yau, kafin yamma sun tone komai. Tsohon ganye ne ke mutuwa, aikin yana ƙasa. Ka bar ta ta kama. Ni ko ban gan su ba, ai na san kamanninsu."

Bai gan su ɗin ba. Ya rasu da hantsi a kan kujerar nan, fitilar akwatin na kunne. Direba ya yi kuka sosai, bai ɓoye wa kowa ba. Matarsa ba ta ƙara maganar baho ba, har ta koma ita ke ba kifayen abinci.

Da aka watse daga gaisuwa, 'yar Baba ta fara haɗa kayan ɗakin. Ta tsaya a gaban akwatin.

"Kawu, wannan ciyawar ai ta mutu. Ka taya ni zubar da ruwan."

Hannun Direba ya kai bakin ruwa, zai ja ƙulli ɗaya ya nuna mata, sai ya tsaya. Ya goge hannun a riga, ya ɗauki ɗan madubin da Baba kan maƙala a ido in yana gyaran agogo, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ta gefen gilashi, inda ƙasar ke bayyana. Ga wasu fararen zare sun nutse ciki. Can gefe kuma wani ɗan tsiro kore shar ya fito.

"Zo ki gani, 'yata. Wannan ba ni na dasa ba. Da ƙafarta ta zo nan."

Ta durƙusa ta karɓi madubin, ta daɗe tana kallo. Ba a zubar da ruwan ba.

Sai da ciyawar ta rufe ƙasa daga kusurwa zuwa kusurwa Direba ya ce lokaci ya yi. Matarsa ce ta ɗauko bahon da kanta, tana tafe a hankali kada ruwa ya zube. Kifayen suka bazu a kan koren, suna kai baki suna ja, ko ƙulli ɗaya bai taso ba.

'Yar Baba na zaune a kujerar mahaifinta. Matar Direba kuwa tana tsaye a bakin taga, bahon a rungume a ƙugu, ta ma manta da tafiya gida.